Kafin a yi mata allurar riƙe ciki

A daminar bara, da hantsi, ɗiyar yayana ta iso gidana a Batsari a kan babur, mijinta na tuƙi, uwar mijin na tallafe da ita daga baya. Daga Yasore suka taso, ƙauyen da aka yanke mani cibi. Yarinyar ba ta wuce shekara 19 ba, kuma wannan ne cikinta na fari. Da na kama hannunta sai na ji shi sanyi ƙalau, leɓenta ya yi fari fat, tana dafe da gefen mararta na dama.

"Gwaggo, ba wani abu ba ne," in ji ta. Kunyar cikin fari ba ta barin yarinya ta faɗi abin da ke cin ta a gaban uwar miji.

Tsohuwar ce ta ba ni labari. Wata biyu ke nan da yarinyar ta yi ɓatan wata. Kwana tara da suka wuce ta fara ganin jini kaɗan-kaɗan, baƙi-baƙi. Aka sayo abin gwajin fitsari, ya nuna ciki. Aka kai ta wani kemis, mai shagon ya ce ciki ne ke son zubewa, ya yi mata allurar riƙe ciki, ya ce a dawo bayan kwana uku. Sun koma har sau biyu. Allura uku ke nan, kuma sai da aka sayar da ɗan akuya kafin a biya kuɗin. "Malama, mun yi iya yinmu," in ji ta, kuma gaskiya ta faɗa.

Ko ruwa ban bari sun tsaya sha ba. Na nemi mota muka kama hanyar Katsina. Da aka ɗauki hoton ciki sai ga mahaifa wayam. Cikin ya maƙale ne a siririyar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ya girma a can har ya tsaga ta, jini na tsiyaya yana taruwa a cikinta. A daren aka yi mata tiyata, aka ƙara mata jini leda biyu. Ta tashi, alhamdu lillahi. Da sun ƙara kwana guda a gida suna jiran allura ta yi aiki, da gaisuwar mutuwa za a zo yi mana.

Shekara 22 ke nan ina aikin ungozoma a cibiyoyin lafiya na ƙasar Batsari da Safana, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana guda ce. Kada a ƙara yi wa mai ƙaramin ciki allurar riƙe ciki alhali ba a ga cikin ba, ba a san inda yake zaune ba, ba a san ko yana da rai ba. Ni ba abokiyar gabar maganin nan ba ce. Na ga inda ya yi rana, zan kuma faɗa. Amma sai an san abin da yake, sannan za a gane iyakarsa.

Abin da ke cikin allurar, ko abin da ake cewa yana cikinta, kwaikwayo ne na wani sinadari da Allah Ya halitta a jikin kowace mace. Likitoci na kiran sa furojestaron, ma'anar sunan kuwa abin da ke tsaya wa ciki. Yana cikin 'yan aiken nan na jiki da ake ce wa homon, waɗanda wata gaɓa ke sakewa cikin jini su kai umarni ga wata gaɓar da ke nesa da ita.

Ga yadda abin ke tafiya kowane wata. Da zarar al'ada ta ɗauke, wani sinadarin mai suna istirojin shi ke kan gaba. Shi ne mai sharar gona da huɗa, yana sake yi wa bangon mahaifa sabuwar shimfiɗa. Wajen tsakiyar wata ƙwai guda ya nuna, ya fashe gidansa ya fita. Gurbin da ya bari ba ya zama kango. Rikiɗa yake ya zama wani ɗan ƙulli rawaya, bai fi girman ɗan kanya ba, kuma daga wannan ƙulli furojestaron ke kwarara. Shi zai tausasa shimfiɗar nan, ya wadata ta da jijiyoyin jini da abincin da ɗan tayi zai fara rayuwa da shi. Shi zai toshe bakin mahaifa da majina mai kauri. Shi zai lallashi tsokar mahaifa ta kwanta, kada ta matsa, kada ta tunkuɗo abin da aka ba ta amana. Har ɗumin jikin mace kan ɗaga da kusan rabin digiri a waɗannan kwanaki.

Ƙullin yana da wa'adi, kamar mako 2. Idan babu rabo, sai ya bushe, sinadarin ya faɗi warwas, shimfiɗar ta rasa mai riƙe ta, ta zube. Wannan shi ne jinin al'ada. Idan kuwa an samu rabo, ɗan tayin, tun bai kai ƙwayar gero ba, zai saki nasa saƙon cikin jinin uwa, wanda ake kira hCG, yana gaya wa ƙullin kada ya bushe, akwai baƙo a ɗaki. Wannan saƙon ne abin gwajin fitsari ke kamawa ya nuna layi biyu. A lura da kyau, gwajin yana cewa akwai ciki ne kurum. Ba ya faɗin inda cikin yake. Layi biyun da ya nuna wa ɗiyar yayana gaskiya ne, amma cikin nata a kan hanya ya yada zango.

Tsakanin mako na 7 da na 10 ake canjin hannu. Mabiya ta yi ƙarfin da za ta ɗauki aikin, ƙullin rawaya ya ja da baya. Wani likita mai suna Arpad Csapo ya tabbatar da haka a Amurka a farkon shekarun 1970. Ya ga cewa idan aka cire ƙullin kafin ciki ya cika mako 7, cikin na zubewa, idan kuwa an cire shi bayan mabiya ta karɓi aiki, ciki na ci gaba abinsa. Daga nan har ranar haihuwa mabiya ce ke zuba sinadarin, tana ƙarawa wata bayan wata, har ya ninka na mace marar ciki sau da yawa. Yawan barcin mai ciki, da kasala, da ƙwarnafi, da taurin bayan gida, da nauyin ƙirji, duk akwai hannunsa a ciki, don ba tsokar mahaifa kaɗai yake sassautawa ba, har ta hanji da ta bakin tumbi.

Kakata ta wajen uwa ita ce ungozomar unguwarmu a Yasore. Ba ta taɓa jin sunan furojestaron ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma ta san aikinsa da hannunta. Ina yarinya nakan riƙe mata fitila. Ba ta yarda a yi guɗa sai mabiya ta faɗo, kuma idan ta faɗo sai ta baje ta a kan tsumma ta jujjuya, ta tabbata babu inda ya gutsure, kafin a wanke a binne ta a bayan ɗaki. Takan ce matar da guntun mabiya ya saura a cikinta, jini ba zai bar ta ba, nono kuma ba zai sauko mata yadda ya kamata ba. Sai da na shiga makarantar ungozoma na gane dalilin rabin maganar na biyu. Duk tsawon watannin ciki furojestaron na gina nono, amma yana riƙe da linzaminsa. Ranar da mabiya ta fita, sinadarin ya faɗi, linzami ya saki, cikin kwana 2 zuwa 3 nono ya cika. Idan guntu ya rage yana ci gaba da zuba sinadarin, jiki na zaton ciki bai ƙare ba. A waɗannan kwanakin farko ne dakashi ke zuwa, wanda har yau wasu iyayenmu ke matsewa su zubar. Don Allah a daina, babu abincin da ya kai shi amfani ga jariri.

Turawa sun gano sinadarin ne ta hanyar gwaji a kan zomaye. George Corner da Willard Allen suka nuna aikinsa a 1929, a 1934 aka tace shi tsantsa, sannan a shekarun 1940 Russell Marker ya gano yadda za a haɗa shi da araha daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko. A ɗakin haɗa magani ake wannan juyi, cin doya ba ya ƙara wa mace sinadarin.

To, tunda shi ke riƙe ciki, me zai hana a ƙara wa duk wadda cikinta ke barazanar zubewa? Tambayar da magidanta ke yi mani ke nan, kuma tambaya ce ta mai hankali.

Amsar tana cikin sanin abin da ke kawo ɓari. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, kusan 15 kan zube, wato ɓari miliyan 23 ke nan a duniya duk shekara. Kusan rabin ɓarin watannin farko kuwa daga ɗan tayin ne kansa. Lokacin da ƙwan uwa da na uba suka haɗu, tsarin gadon halitta bai jeru daidai ba, wani ya yi yawa ko wani ya gaza, don haka tayin ba zai iya ci gaba ba. Idan ya tsaya, saƙon da yake aikawa ya yanke, furojestaron ya faɗi, jini ya biyo baya. A irin wannan, faɗuwar sinadarin alama ce ta cewa ciki ya riga ya lalace, ba ita ta lalata shi ba. Duk manomin Yasore ya san irin da ƙwaro ya cinye cikinsa ba ya tsira, ko an yi ta ban ruwa har kaka.

Ba zato nake ba, an gwada. A 2015 Farfesa Arri Coomarasamy na Jami'ar Birmingham ta Ingila da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan mata 836, waɗanda kowacensu ta yi ɓari sau uku ko fiye ba a san dalili ba. Aka ba rabinsu furojestaron tun farkon sabon ciki, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a cikinsa. Waɗanda suka samu maganin, kusan 66 cikin 100 suka haihu. Waɗanda ba su samu ba, 63 cikin 100. Tazarar ba ta kai a jingina ta ga magani ba. Amma ina so kowace mace da ta sha ɓari ta tsaya kan adadi na biyun. Matan da suka yi ɓari uku ko fiye, ba a ba su komai ba, kusan biyu cikin kowace uku sun rungumi jariri a ciki na gaba.

A 2019 suka fitar da wani binciken da ya fi wancan girma, mata 4,153 a asibitoci 48 na Birtaniya, duk masu ganin jini a makonni 12 na farko. A dunƙule, 75 cikin 100 na masu magani sun haihu, 72 cikin 100 na marasa shi. Wadda ba ta taɓa ɓari ba, maganin bai ƙara mata komai ba. Wadda ta taɓa yi, ya ɗan taimaka. Wadda ta yi uku ko fiye kuwa, a nan ya nuna kansa: 72 cikin 100 da magani, 57 cikin 100 babu shi. A kan haka ne hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta yanke, a Nuwamban 2021, cewa a ba da shi ga macen da ke ganin jini a ƙaramin ciki, wadda ta taɓa ɓari, bayan hoto ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa. Idan an ga bugun zuciya, a ci gaba har mako 16. Kuma wanda aka gwada ɗin na matsi ne, safe da yamma, ba allura ba.

Ita allurar mai aiki na kwanaki, wadda ta fi yawo a shagunanmu, sau da yawa wani ɗan uwan sinadarin ne na haɗi. Amurka ta daɗe tana amfani da irinsa don hana haihuwar bakwaini, amma da babban bincike ya kasa nuna amfaninsa, hukumar magungunan ƙasar ta janye amincewarta a Afrilun 2023. A 2024 ƙasashen Tarayyar Turai su ma suka dakatar da shi. Mu a nan har yau ana sayar da akuya a saye shi.

Na ce na ga inda ya yi rana. Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a yankin Runka ta zo mani da ciki na biyar, huɗun farko duk sun zube kafin wata uku. A gidan miji an daina kiran sunanta da daɗi. Dangin miji na cewa ba ta riƙe ciki, danginta na nuna kishiya, wani mai magani ya ce namijin dare ne. Ta zo tana ganin jini, tana kuka ba sauti. Na tura ta Katsina, hoto ya nuna ɗan tayi a mazauninsa, zuciya na bugawa. Likita ya rubuta mata na matsi, aka duba jininta, aka yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro da aka samu a jikinta. Ta haifi ɗiya mace. Ba zan rantse cewa maganin ne ya riƙe cikin ba, don na ga irinta da suka haihu ba tare da shi ba. Amma ita ce irin macen da bincike ya ce a ba, kuma an ba ta ne bayan an gani da ido. Tsakaninta da ɗiyar yayana bambancin hoton nan ne.

Allurar makanta tana cuta ta hanya fiye da ɗaya. Ta farko ita ce wadda na ba da labari. Ciki 1 zuwa 2 cikin kowane 100 a wajen mahaifa yake zama, kuma babu maganin da zai mayar da shi mazauninsa. Duk kwanan da aka ɓata ana allura, kwana ne da ake matsowa kusa da fashewa. Ta biyu ita ce cikin da ya riga ya mutu bai fita ba. A ba mace sinadarin da ke hana mahaifa matsawa, sai ta ci gaba da ɗauke da abin da babu rai, ana ce mata ciki ya kwanta, zai tashi. Hukuncin kwantaccen ciki a shari'a magana ce ta malamai, ni abin da na gani a ɗakin awo nake faɗa. Matan da aka kawo mani da wannan suna, ko dai cikin ya mutu ya zauna, ko ƙari ne a mahaifa, ko kuma al'ada ce ta ɗauke don wani dalili babu ciki sam. Wadda mataccen ciki ya daɗe a jikinta na iya kamuwa da zazzaɓi mai tsanani, ko jini ya ɓalle mata tsakar dare a inda babu mota. Ta uku ita ce ruɗani. Ƙwayar nan da mata ke sha don jinkirta al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji ko biki, ita ma daga wannan dangi take, amma ba a ba mai ciki. Na sha ganin an miƙa ta a matsayin maganin riƙe ciki saboda sunayen sun yi kama.

Tunda na taɓo dangi, bari in amsa abin da mata ke yawan tambayata a ɗakin tazarar haihuwa. Allurar wata uku da ashanar da ake sa wa a dantse su ma 'yan gidan ne. Yaya abin da ke riƙe ciki zai hana ciki? Saboda idan jiki ya ga sinadarin ya yawaita a jini, sai ya ɗauka akwai ciki, ya daina sakin ƙwai, bakin mahaifa kuma ya toshe. Bayan an daina allurar, haihuwa kan yi jinkirin wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara, amma tana dawowa.

Na san abin da mai kemis zai ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Zai ce shi ke nan a garin lokacin da jini ya ɓalle. Zai ce ma'aikatan gwamnati da yawa sun bar ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, wasu ɗakunan shan magani sun yi shekaru a kulle, kuma babu mai hankalin da zai ɗauko mace a babur daga Yasore ko Wagini ko Zakka bayan magariba a shekarun da muka shiga. Duk gaskiya ne. Ban manta watannin ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Mace na naƙuda ko tana zubar da jini, babu yadda za a kira kowa. A irin wannan hali mutumin da ke da shago da sirinji shi ne likita, shi ne ungozoma, kuma da yawansu da zuciya ɗaya suke taimako, wasu ma bashi suke bayarwa. Ba na zagin su. Amma kyakkyawar niyya ba ta gani ta cikin fata. Lasisin mai shagon magani bai ba shi ikon rubuta irin wannan magani ba, kuma taimakon da ya fi kowane girma da zai yi wa mai ƙaramin ciki da ke ganin jini shi ne ya ce wa mijinta, "Malam, wannan ya fi ƙarfina, gari na wayewa ku wuce asibiti, in kuwa ta fara jiri kada ku jira safiya." Wanda ya faɗi haka ya yi asarar kuɗin allura uku, amma ya ceci rai.

Akwai kuma nauyin da muke ɗora wa matar, wanda ya fi ciwon jiki daɗewa. Da zarar ciki ya zube sai a fara neman mai laifi. Ta yi daka, ta ɗauko tulu, ta sha zaƙi, ta fita da almuru, kishiya ta sa mata hannu. Aikin gida na yau da kullum ba shi ke zubar da ƙaramin ciki mai lafiya ba, ko da yake mijin kirki zai rage wa matarsa wahala ko babu barazanar komai. Na ga auren da ya mutu a kan ɓari biyu. Na ga kishiyoyi da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan abin da babu hannun kowa a ciki. Addu'a da tofi ba su taɓa hana ni aikina ba, ni ma ina yi wa majinyatana addu'a. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa da neman sanin dalili, domin dalilan da ake iya magancewa suna nan birjik a ƙasarmu, kuma allurar riƙe ciki ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Zazzaɓin cizon sauro na zubar da ciki, shi ya sa ake ba mai ciki gidan sauro da ƙwayoyin rigakafi tun daga wata na huɗu. Ciwon sanyi na tunjere na kashe ɗa a ciki, gwajinsa ɗigon jini ne, maganinsa kuma mai araha. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, da hawan jini, da ƙarancin jini, da sikila, duk suna da hannu. Akwai matan da bakin mahaifarsu ke buɗewa da kansa a wata na huɗu ko na biyar ba tare da ciwo ba, waɗanda likita kan ɗaure musu shi da zare har ciki ya isa. Duk wannan a wurin awo ake gano shi.

Duk wanda ya bi hanyar Batsari zuwa Katsina zai wuce ta Babbar Ruga, inda asibitin masu yoyon fitsari yake, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya share shekaru yana ɗinke matan da doguwar naƙuda ta yi wa illa. Duk lokacin da na wuce wurin, jinkiri nake tunawa, don mafi yawan matan da ke kwance a can jinkiri ne ya kai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba a rubuta allurar kemis a matsayin sanadin mutuwar kowa. Abin da ake rubutawa shi ne zubar jini. Kwana taran da aka yi a gida kafin nan ba ya shiga takarda.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta samu hoton ciki aƙalla sau ɗaya kafin mako 24, ta kuma ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta sauka. A da, na'urar hoton sai babban asibiti, sai wutar lantarki, sai ƙwararren likita. Yanzu akwai ta tafi-da-gidanka da ake haɗawa da waya ko ƙaramar kwamfuta, hasken rana ya ishe ta caji. Ungozoma ba ta bukatar zama likita kafin ta koyi amsa tambaya uku da ita: cikin yana cikin mahaifa, zuciya na bugawa, makonsa nawa. Manufar gwamnati ce a samu cibiyar lafiya mai aiki a kowace gunduma, Jihar Katsina kuwa gundumomi 361 gare ta. Ina kira ga Gwamna Dikko Umar Radda da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha su sa wannan na'ura da horon ungozomomi cikin abin da ake nufi da cibiya mai aiki, kuma a fara da ƙananan hukumomin bakin daji, inda tafiya Katsina ta fi tsada da haɗari. A sa furojestaron na matsi cikin magungunan da ake ba masu ciki kyauta, ga waɗanda suka cika sharaɗi kuma likita ya rubuta. A tara masu shagunan magani na Batsari da Safana a koya musu alamomin haɗari, a ba su lambar ungozomar da za su kira, don su ne ƙofar farko ko mun so ko mun ƙi. Hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da limaman Juma'a kuma, maganarsu na shiga kunnen magidanta fiye da tawa.

Ɗiyar yayana ta koma ɗakinta a Yasore. Hanyar ƙwai guda ta rage mata, kuma guda ta isa a haihu da yardar Allah. Na gaya mata, na gaya wa mijinta a gaban mahaifiyarsa, cewa ranar da ta sake ɓatan wata ta zo a duba tun kafin a ga wani jini, domin wadda ta taɓa irin wannan ciki ta fi sauran mata haɗarin maimaitawa.

Ku kuma magidantan Yasore da kewaye, 'yan uwana da 'ya'yana, ku ne masu babur, ku ne masu izini, a hannunku kuɗin mota yake. Idan iyalinka na da ƙaramin ciki ta ga jini, ko kaɗan ne, ka kai ta inda za a ɗauki hoto kafin kowace allura ta shiga jikinta. Idan jinin ya zo da ciwo a gefe guda na mara, ko jiri, ko suma, ko ciwon kafaɗa, ko zazzaɓi, to kada ka tsaya neman shawarar kowa. Ka ɗauke ta zuwa babban asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, ka kuma tafi da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini.